Adalci Iri Biyu a Kundin Tsarin Mulkin Najeriya

Tun zamanin Aristotle masana falsafa suka bambance adalci iri biyu: ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, da raba arzikin gari tsakanin jama'a yadda ya kamata. John Locke na Ingila ya jaddada cewa aikin hukuma shi ne kare rai da 'yanci da dukiyar mutum. A 1971 kuma John Rawls na Amurka ya ce bambancin arziki ba ya halatta sai idan yana amfanar mafi rauni a cikin al'umma.

Adalci iri na farko shi ya fara shiga kundinmu. Gab da samun 'yancin kai, ƙananan ƙabilu suka koka cewa manya za su danne su. Hukumar Willink ta 1958 ba ta yarda a ƙirƙiro musu jihohi ba, sai ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin kundi. Haka aka yi a 1960, su ne yau Babi na Huɗu, kuma duk wanda aka tauye masa su yana iya garzayawa kotu.

Na biyun kuwa sai bayan yaƙin basasa. A Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams. Suka duba kundin Indiya na 1950, suka tsara Babi na Biyu na kundin 1979: tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, kada dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru, a samar da ilimi kyauta, da abinci da matsuguni da kulawar lafiya. Kalmomi ne masu daɗin ji. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tuhumar gwamnati idan ta ƙi cikawa. An ba talaka da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Mutum biyu a kwamitin suka ƙi amincewa da wannan tsari, Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dakta Segun Osoba. Suka rubuta nasu rahoton, gwamnatin soja ta ajiye shi gefe. A ganina gaskiya tana wajensu, domin wanda yunwa da jahilci suka ɗaure, ina ya ga ƙarfin neman sauran haƙƙoƙinsa?

Kundin 1999 ya kwafe wannan tsari yadda yake. Ya kamata Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su gyara sashe na 6(6)(c).