Wa ya koya wa kwamfuta Hausa?

1/ Jiya a Kiyawa kakata ta ga ina yi wa waya magana, ta ce, "Ita ma tana jin Hausa?" To, ga tarihin.

2/ A 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiri ELIZA a Amurka, manhaja mai hira da mutum. Da Turanci.

3/ Kwamfuta daga rubutu take koyo, namu kuwa kaɗan ne a intanet.

4/ A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti: dubban saƙonnin Twitter da mutane suka tantance, yabo, suka ko tsaka-tsaki. Har da Hausa.

5/ A 2023 AfriSenti ya kai harsuna 14.

6/ Jama'a, mu riƙa rubutu da Hausa. Daga shi za ta koyi amsa wa Kaka.