Sanƙarau, Gwajin Magani da Maganar Yarda: Daga Zariya zuwa Gaya

Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu waiwayi yadda binciken likitoci kan majinyatan da ke tsakanin rai da mutuwa ya samo asali, da irin siffar da ya ɗauka a ƙasashenmu. Faransawa na kiran wannan fanni « réanimation », wato farfaɗowa. Ya kafu ne bayan annobar shan-inna ta 1952 a Kwapanhagan, inda likita Bjørn Ibsen ya sa ɗalibai suna matsa jakar iska da hannu dare da rana domin majinyata su samu numfashi. A 1953 ya buɗe ɗaki na musamman don irin waɗannan majinyata.

Tambayar Sahel

A Turai fannin ya bi ta kan na'urori. A nan kuwa ɗaya daga cikin cututtukan da ke cika asibiti da masu suma ita ce sanƙarau, wadda Lapeyssonnie ya shata iyakar yankinta a 1963. Nijar da arewacin Nijeriya na tsakiyar wannan yanki. Idan bazara ta yi, ma'aikaci guda kan samu kansa da majinyata masu yawa, ba na'ura, ba mai canjinsa. Saboda haka tambayar da masu bincike suka sa gaba ita ce: wane magani ne allura ɗaya tasa za ta wadatar?

A 1979 likitocin Zariya suka wallafa sakamakon allura ɗaya ta chloramphénicol mai mai. A 1991 wani gwaji da aka yi a Yamai da Bamako ya ƙarfafa wannan hanya. A 2003 kuma, a Nijar, aka kwatanta shi da ceftriaxone a kan majinyata sama da 500, ana bin halinsu har awa 72. Sakamakon, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2005, ya nuna ceftriaxone bai gaza ba.

Kano, 1996

Annobar 1996 ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya. A asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan: yara 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi ceftriaxone. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce an yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma yarda da baki; iyayen suka ce ba su san gwaji ba ne. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

A nan ne masanin harshe ke da abin faɗi. Uban da ya ce « na yarda » ɗansa na kwance a sume, da me ya yarda? A bakin jama'a « a gwada wannan magani » na nufin a nemi dace, ba a raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a ba.

Gaya

A 2015 sanƙarau nau'in C, wanda ya fara ɓulla a Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014, ya shiga Nijar. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a 2010 nau'in A kaɗai yake karewa. An ƙirga majinyata kusan 8,500 da mamata 573, kuma Gaya na cikin wuraren da abin ya taɓa. Gari ne da a lokacin gadar Malanbil da hanyar Kamba ke kawo masa majinyata masu Dandanci, Zabarmanci, Hausa da Fulatanci, alhali takardar asibiti da Faransanci take.

Kammalawa

Binciken da aka yi a kan ƴaƴanmu ya ceci rayuka da dama. Abin da ya rage a wuyan sashenmu shi ne mu zauna da ma'aikatan asibitin Gaya, mu tsara takardar neman yarda cikin harsunan nan huɗu, mu kuma gwada ta a kunnen iyaye tun annoba ba ta zo ba.