Inuwar Da Muke Ɗaukar Hoto A Cikinta

Jama'a, duk gidan da aka ɗaura aure a cikinmu, da wuya ka buɗe kundin hotuna ba ka ga ango da amarya tsaye ƙarƙashin itatuwan Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada ba. Haka masu ɗaukar bidiyon waƙa, haka ɗalibai ranar yaye su. To, amma mu nawa ne muka san asalin wannan inuwa?

Garin ma kansa ba tsoho ba ne can. Buba Yero a Gombe Abba ya kafa masarauta zamanin jihadi. Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, sannan aka dawo Doma a 1919, wato inda muke zaune yau. Fatauci da cinikin auduga da gyaɗa su suka jawo iyayenmu daga Kano da Katsina da Zazzau, jirgin ƙasa ya ƙara cika garin. Jiha ta samu a 1996, jami'a kuwa sai a 2004, zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje.

Wanda aka fara ɗora wa shugabancinta shi ne Farfesa Abdullahi Mahdi, masanin tarihi wanda ya yi bincike kan sarauta da tattalin arzikin Kano. Daga Zariya ya zo, inda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Duk wanda ya san Samaru ya san wuraren da ake rububin hoto: dogon benen Majalisar Jami'a, da gaban Laburaren Kashim Ibrahim, da bakin dam, da ɗakin wasan kwaikwayo da aka gina da jar ƙasa irin ta maginanmu. Malamin ya ga yadda itace ke ƙawata wuri, ya taho da wannan ra'ayi Gombe. Ya sa aka yi ta dashe ana ban ruwa, aka shirya lambuna, har da gidan namun daji. Allah Ya yi masa rasuwa a 2022. Allah Ya jiƙansa.

Abin lura, ba don hoto kaɗai aka dasa su ba. Kowa ya san yadda kwari ke cinye gidaje a garin nan duk damina. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa. Mu kuwa a unguwanninmu, mai fili kan sare bishiya ya kafa shago, sannan ranar biki a kwashi amarya a tafi inuwar wasu.

Saboda haka in mun shiga ɗaukar hoto, mu nemi izinin hukuma, kada a taka furanni, kada a bar leda. A bayan kowane hoto a rubuta wuri da shekara, don jikoki su gane. Sannan kowane maigida ya dasa ko darbejiya ɗaya a ƙofar gida kafin ruwa ya ɗauke. Allah Ya ba mu iko, amin.