Almakashi da Gam: Yadda Romare Bearden Ya Sake Gina Fuskar Harlem

A watan Yuli na 1963, wasu masu zane baƙaƙen fata suka taru a ɗakin aikin Romare Bearden da ke Titin Canal a birnin New York. Saura 'yan makonni a yi babban gangamin neman 'yanci na Washington, kuma tambayar da ta tara su ita ce: wane nauyi ne ya rataya a wuyan mai zane sa'ad da jama'arsa ke kan titi suna shan duka? Suka raɗa wa ƙungiyar tasu suna Spiral. A ɗaya daga cikin zaman da suka yi, Bearden ya zo da tarin hotunan da ya yanko daga mujallu, ya ba da shawarar su haɗa hannu su lilliƙa su, su fitar da aiki guda. Abokan nasa ba su karɓi shawarar ba. Sai ya kwashi takardunsa ya ci gaba shi kaɗai, a lokacin ya haura shekara hamsin.

An haife shi a 1911 a Charlotte, a jihar North Carolina, iyayensa kuma suka yi ƙaura zuwa unguwar Harlem ta New York yana ƙarami, cikin ayarin baƙaƙen fatar da ke guje wa wariyar Kudancin Amurka. Ya koyi zane a hannun George Grosz, Bajamushen da ya yi suna wajen zanen zambo, amma abincinsa ya daɗe yana fitowa ne daga aikin jin daɗin jama'a na hukumar birnin, aikin da bai bari ba sai 1969. Dare da ƙarshen mako ne lokacin zanensa.

Dabarar yanka da liƙi, wadda Faransawa ke kira kolaj, ba shi ya ƙago ta ba. Tun 1912 Picasso da Braque suke manna takarda a jikin zane, daga baya kuma Hannah Höch da John Heartfield suka mayar da ita makamin siyasa a Jamus. Inda Bearden ya sha bamban shi ne abin da yake yankawa da dalilin yankan. Mujallun Amurka na wancan zamani suna cike da hotunan baƙar fata, amma kusan kullum a matsayin abin tausayi ko abin tsoro. Waɗannan hotuna ya sa wa almakashi. Fuska guda a aikinsa tana iya zama ido daga hoton jarida, hanci daga wata fuskar itace da aka sassaƙa a Afirka, baki kuma daga tallan kaya. Hannu kan fi kai girma, musamman hannun ma'aikaci ko na makaɗi. Ba ya ɓoye wurin haɗi, domin yana son mai kallo ya ga inda aka yanka. Fuskar da aka gina haka ba ta karantuwa da kallo ɗaya, dole a tsaya a kanta, wanda shi ne ainihin abin da hoton jarida ba ya bukata daga kowa.

Ayyukan farko ƙanana ne, ba su wuce faɗin takardar wasiƙa ba. Wani ɗan ƙungiyar, Reginald Gammon, shi ya ba shi shawarar ya sa a faɗaɗa su da na'urar fotostat. Da dillalin zane Arne Ekstrom ya ga manyan hotunan, baƙi da fari, ya nace sai an nuna su. A watan Oktoba na 1964 aka baje su da sunan Projections, daga nan kuma Bearden bai koma tsohuwar hanya ba.

Wanda ya ɗauka aikin liƙe-liƙen ganin dama ne, ya yi kuskure. Bearden ya shafe shekaru yana kwaikwayon ayyukan magabata, ya kuma nazarci yadda masu zanen Holan irin su Vermeer da Pieter de Hooch suke raba ɗaki da ƙofa da taga. Saboda haka yakan fara da shimfiɗa manyan takardu masu launi a kan allon katako, ya daidaita tsaye da kwance, kafin mutum ko ɗaya ya shigo. Sannan ya liƙa ƙyalle da hoto, ya danne, ya bi da fenti. Daga baya ya riƙa goge saman da samfefa, ko ya koɗar da launin, har sabuwar takarda ta yi kama da tsohon bango. Mai zane Stuart Davis ya taɓa jan hankalinsa ga yadda makaɗin fiyano Earl Hines yake barin tazara tsakanin sauti da sauti, kuma Bearden ya ɗauki wannan darasi ya kai shi kan allo: gurbin da aka bari ba komai yana da aikinsa. Akwai kuma tushe na gida, wato bargon tsummoki da matan Kudu ke ɗinkawa daga ragowar tufafi.

Ya ƙi yarda a ɗauki aikinsa a matsayin farfaganda, abin da bai yi wa wasu 'yan gwagwarmaya daɗi ba. Abin da ya fi zanawa shi ne wankan baftisma, jana'iza, jirgin ƙasa, mace mai magani, iyali a kan abinci. A ganinsa waɗannan al'adu ne da ke maimaituwa a kowace al'umma, kuma ajiye rayuwar baƙar fata a wannan sahu ya fi kowane take ƙarfi. Ana iya yi masa gardama a kan haka, sai dai fastocin zamanin yawancinsu sun tafi da zamaninsu.

A 1971 ya kammala The Block, allo shida a jere, tsawon ƙafa 18, tsayin ƙafa 4. Layi guda ne na Titin Lenox a Harlem, kamar yadda ya hango shi daga gidan abokinsa marubuci Albert Murray. Akwai coci, da shagon aski, da shagon giya, da gidan shirya gawa. Ya yanke bangon gidajen domin a ga na ciki: a wani ɗaki yara na zaune kusa da tarkon ɓera da ya kusa kai su girma, a sama kuma mala'iku na ɗauke da ran mamaci. Da aka fara nuna shi, an haɗa da faifan hayaniyar titi. Yau yana gidan tarihi na Metropolitan, 'yan kilomitoci kudu da layin da aka zana.