Tsohuwar Gadar Teku Ta Lome Da Hanyar Gwanja

Duk wanda Allah ya kai shi Lome, babban birnin Togo, idan ya sauka bakin teku zai hangi wasu turakun ƙarfe sun yi tsatsa, sun miƙe cikin ruwa ba su kai ko'ina ba. Ga mutumin Madadi da bai san ruwan da ya wuce dam ɗin Guzuguzu na Kabo ba, abin kallo ne. To amma akwai tarihinmu a gindinsu.

Gaɓar Lome ba ta da lungun da jirgi zai raɓa, igiyar ruwa kuwa sai ta kife kwalekwale da kaya da mutane. Shi ya sa Jamusawa suka kafa gada ta fiye da mita 300, aka buɗe ta a 1904. Jirgi yakan tsaya can nesa, kwalekwale ya ɗauko fasinja zuwa gindin gadar, sannan inji ya ɗago su sama a cikin wani abu mai kama da kwando. Ka ji fa, attajiri da rawaninsa yana reto a kwando! Teku ta karya gadar a 1911, aka gyara. Faransawa suka gina tasu a 1928, wadda kufanta ne aka fi gani yau. Da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1968, sai aka bar wa tsatsa.

Ina Bahaushe a ciki? Kafin zuwan Turawa, fatakenmu kan yi watanni da jakuna daga Kano zuwa Salaga, kasuwar Gwanja, don sayen goro. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka koma Kete-Krachi, wasu suka gangara har bakin teku, zangon Lome ya cika. Goro ma ya sake hanya. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Ghana yanzu zuwa Ikko, kuma daga 1912 jirgin ƙasa ke ƙarasawa da shi Kano. A ganina nan ne madugu ya rasa aikinsa, ba a wani fagen yaƙi ba.

Shi kansa tsohon zangon Lome bai tsira ba. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka mayar da mutanensa can arewa da gari.