Sha-kauci: Ƙaurarsa, Abincinsa da Yadda Ake Jawo Shi Tsakar Gida

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe a ƙasar Kontagora, itatuwa da dama na dajin Jihar Neja ke fitar da fure. Gurjiya da minjirya kan yi ja wur alhali babu ganye a jikinsu, kaɗanya da ɗorawa kuma su biyo baya. A kan waɗannan furanni ne ake ganin wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda gashinsa ke walƙiya idan rana ta haska shi. Hausawa na kiransa sha-kauci, saboda yawan ganinsa a kan furen kauci.

Mutane da yawa da suka ga bidiyon tsuntsun nan na Amurka mai tsayawa cak a iska yana shan ruwan fure, wanda Faransawa ke kira kolibri, suna ɗaukar cewa shi ne ke zuwa lambunansu. Ba shi ba ne. Kolibri, mai jinsuna sama da 350, ba ya rayuwa a daji ko'ina sai nahiyoyin Amurka, daga Alaska zuwa ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Danginsa na kusa su ne tsuntsayen nan masu dogon fiffike da ke yini suna shawagi a sama suna kamun ƙwari. Sha-kauci kuwa na cikin dangin da masana ke kira Nectariniidae, mai jinsuna kusan 150 a Afirka da Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostireliya. Abinci iri ɗaya ne ya sa suka yi kama, domin tsuntsun da ke rayuwa da ruwan zaƙin fure sau da yawa yakan zama ƙarami, mai dogon baki da harshe kamar bututu. Abin da ake gani da magariba a Najeriya yana tsayawa a iska gaban fure, yawanci ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi, mai kaurin jiki da dogon hanci.

Jinsunan da ake gani a yankin Kontagora

Kontagora na cikin yankin daji mai dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, tsakanin kurmin kudu da busasshen arewa, don haka jinsunan ɓangarorin biyu kan haɗu a nan. Mafi saurin ganewa shi ne mai jan ƙirji, Chalcomitra senegalensis a sunan kimiyya. Namijin baƙi ne, da ɗan kore mai sheƙi a goshi, da ja mai haske daga maƙogwaro zuwa ƙirji, tsawonsa wajen santimita 15. Ana samunsa cikin gari, a kan mangwaro da gwanda, kuma yana da faɗa, yakan kori 'yan uwansa daga itacen da ya riƙe.

Akwai Cinnyris pulchellus, kore mai sheƙi, da ɗigon ja a ƙirji da rawaya ta gefe biyu, da dogayen gashin wutsiya guda biyu. Akwai Cinnyris cupreus, wanda daga nesa baƙi ne, sai an matso a ga ruwan tagulla a kansa da bayansa. Akwai kuma Cinnyris venustus mai rawayan ciki da shunayyar ƙirji. Ƙaraminsu shi ne Hedydipna platura, mai gajeren baki, wanda nauyinsa bai wuce giram 7 ba.

Duk wannan ado na maza ne. Matan launin ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka da ɗan rawaya a ciki, kuma bambance su na ba ƙwararru ma wahala. Walƙiyar gashin namiji ba rini ba ce, tsarin gashin ne ke karya haske, shi ya sa tsuntsun da ya yi kore shar a rana yakan koma baƙi da zarar ya shiga inuwa.

Ƙaura

A fagen tafiya, kolibri ne ya yi suna. Jinsin nan mai jan maƙogwaro na gabashin Amurka da Kanada, wanda nauyinsa giram 3 ne ko ɗan sama, yakan tara kitse har nauyin ya kusa ninkawa, sannan wasunsu su ƙetare Tekun Meziko, tafiyar kilomita 800, ba tare da sun sauka ba. Wani jinsin mai launin jan ƙasa yana tafiyar kusan kilomita 6,000 tsakanin Alaska da Meziko. Sanyin hunturu ne ke kashe furanni ya kore su.

Sha-kauci ba ya ƙetare teku ko Sahara. Ƙaurarsa a cikin Afirka take, kuma ruwan sama da fure ke tafiyar da ita. Misali mafi bayyana shi ne ƙaramin nan mai gajeren baki. Da damina yana can arewa, a yankin Sahel na Nijar da kan iyakar Najeriya. Idan ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai ya gangaro kudu zuwa dazuzzuka irin na Zariya da Kontagora, ya yi sheƙa ya ƙyanƙyashe a tsakiyar rani, sannan ya koma arewa idan damina ta kama. Tafiyar tasa ta yi daidai da ta makiyaya da 'yan cin rani. Ta sha bamban da ta shamuwa, wadda ke isowa da farkon damina domin ta yi sheƙa, ta bar ƙasar idan an yi kaka. Namijin kan iso da adonsa, ko ya yi shi bayan isowa: kore a kai da baya, rawaya a ciki, da siraran gashin wutsiya biyu da suka kusa ninka tsawonsa. Bayan ƙyanƙyasa sai wutsiyar ta zube, launin ya dushe, ya koma kusan kamar macen, har mai kallo ya ɗauka wani tsuntsu ne daban.

Wasu jinsunan, irin su mai ruwan tagulla, sukan ƙara yawa a arewa da damina. Wasu kuma ba sa nisa, sai dai yawo daga fadama zuwa tudu, daga itacen da furensa ya ƙare zuwa wanda ya fara. Wannan ne dalilin da zai sa gida ya cika da su mako biyu, sannan su ɓace gaba ɗaya.

Abinci, da alaƙarsa da kauci

Ƙaramin kolibri na kaɗa fiffike sau 50 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, yana iya tsayawa a iska har ma ya yi baya. Sha-kauci na iya tsayawa haka na ɗan lokaci, amma ya fi son ya sauka a reshe ya zura baki, wani lokaci a kife, kansa ƙasa. Harshensa dogo ne, a nannaɗe kamar bututu, ƙarshensa a rabe. Idan furen ya fi ƙarfin bakinsa tsawo, sai ya huda shi ta gindi ya sha, kamar yadda ake gani a manyan furannin ado dangin zoɓo. A irin wannan shan, itacen bai amfana da komai ba, domin tsuntsun bai taɓa garin furen ba.

Ruwan fure sukari ne da ruwa, yana ba da ƙarfin tashi amma ba ya gina jiki. Saboda haka sha-kauci na cin gizo-gizo da tsutsotsi da ƙananan ƙwari da shinge, kuma da su ne yake ciyar da 'ya'yansa. Wanda ya fesa maganin ƙwari a lambu har ya kashe komai, ya raba tsuntsun da rabin abincinsa.

Alaƙarsa da kauci ita ce mafi ban mamaki. Kauci tsiro ne da ke manne wa reshen wani itace yana zuƙar ruwa da gishirin ƙasa daga jikinsa, kuma Hausawa sun san shi sosai a harkar magani, inda ake ambatonsa da sunan itacen da ya hau, kamar kaucin tsamiya ko kaucin ɗorawa. Furannin jinsunan Tapinanthus, waɗanda suka fi yawa a wannan yanki, sirara ne kamar tsinken ashana, kuma a rufe suke. Idan sun nuna, sai tsuntsun ya matsa kan furen ya zura baki, furen ya tsage farat ɗaya ya watsa masa gari a goshi. Da wannan garin yake zuwa fure na gaba, barbara ta auku. Irin kuwa wani tsuntsu ne ke yaɗa shi, ɗan ƙarami mai ɗigon rawaya a goshi, wanda ke yini yana kuka kamar ana bugun ƙarfe. Shi ke cin 'ya'yan kauci ya goge ƙwallon mai danƙo a jikin reshe.

A nan akwai abin dubawa ga manomi. Jihar Neja na cikin manyan wuraren da ake samun kaɗe a Najeriya, kuma kauci na cikin abin da ke raunana kaɗanya, ya rage mata 'ya'ya, wani lokaci ya kashe reshe. Mai gonar da ya sare reshen da kauci ya kama yana da hujja, kuma hakan ba zai kawar da sha-kauci ba muddin akwai sauran itatuwa masu fure. Abin da ke yi masa illa ta gaske shi ne sare itacen daga tushe domin gawayi ko faɗaɗa gona, da ƙona daji a tsakiyar rani, daidai lokacin da ƙaramin jinsin ke kwance kan ƙwai. Sashen Zugurma na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, da ke kudu maso yamma da Kontagora, na daga cikin wuraren da har yanzu ake iya ganin irin dajin da tsuntsun ya saba da shi.

Sheƙar tasa kamar ƙaramar jaka ce da ke reto a ƙarshen reshe, da ƙofa a gefe. Macen ce ke saƙa ta da ciyawa da busasshen ganye, ta ɗaure da yanar gizo-gizo, ta shimfiɗa audugar rimi ko ta tumfafiya a ciki. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, ta kwanta a kansu wajen mako biyu. Daga waje sheƙar kan yi kama da tarkacen da iska ta rataye, wanda hakan ke ɓoye ta, amma kuma shi ke sa mai shara ya kakkaɓe ta bai sani ba.

Jawo shi gida

Hanya mafi inganci ita ce shuka. Zogale na fure kusan duk shekara idan yana samun ruwa, kuma yana tara ƙwari. Gwanda da lemo da ayaba da mangwaro duk suna jawo shi. Minjirya na kamawa idan an dasa reshenta, shi ya sa ake yin shinge da ita, kuma jan furenta na fitowa a lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Kabar giwa na jure fari, tana fitar da dogon kara mai fure da rani. Ko tumfafiyar da ake rainawa a bayan gida tana ba shi abin sha da abin shimfiɗa. Abin lura shi ne a haɗa tsirran da ba sa fure lokaci ɗaya, domin kada a samu watan da babu komai.

Ruwa na biye. Kasko marar zurfi a inuwa, a ɗora shi sama inda kyanwa ba za ta kai ba, ya isa, musamman a watannin Maris da Afrilu. A riƙa zubar da ruwan ana sabuntawa domin kada sauro ya hayayyafa. Sha-kauci na son wanka a jiƙaƙƙen ganye, don haka yayyafa wa shuka ruwa da safe kan kawo shi.

A Amurka da Afirka ta Kudu an saba rataye kwalbar ruwan sukari, kuma ana iya yin haka a nan da gorar roba mai ɗan bututu da abin sauka a gabansa. Ma'aunin da aka saba shi ne kofi 1 na farin sukari cikin kofi 4 na ruwan da aka tafasa ya huce. Ba a sa zuma, domin tana saurin lalacewa ta haifar da cutar da ke kama baki da harshen tsuntsu. Ba a sa mazarƙwaila ko lemon kwalba ko kala, haka nan zaƙin roba irin na masu ciwon sukari. Jan ƙyalle ko jan murfi a bakin gorar ya wadatar wajen jan hankalinsa. A zafin bazara ruwan sukari kan yi tsami cikin yini ɗaya, saboda haka dole a wanke gorar a sake ruwan kullum. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, gara ya tsaya ga shuka, domin gorar da aka bari ta yi funfuna cutarwa take yi. Tururuwa da ƙudan zuma ma za su zo, kuma ɗan kaskon ruwa a jikin igiyar da aka rataye gorar kan tare tururuwa.

Sai batun yara da danƙo. Tsuntsun da ya saba da gida ba ya gudun mutum sosai, kuma hakan na mayar da shi abin harbi mai sauƙi, alhali naman jikinsa bai kai loma ɗaya ba.

Mai sha'awar bin diddigi zai iya rubuta ranar da ya fara ganin kowane jinsi a shekara, da itacen da ya gan shi a kai, da ranar da ya daina ganinsa. Irin waɗannan bayanai ne Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis, da ke Laminga kusa da Jos ƙarƙashin Jami'ar Jos, ke tattarawa daga 'yan sa-kai a shirinta na taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda aka fara a 2015. A yankin Kontagora, lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen Oktoba, da sanyin safiya, a gindin itacen da kauci ya yi wa fure.