Dariyar Ranar Biki: Daga Tashe Zuwa Akwatin Telebijin

A daren 29 ga watan Disamba na shekarar 1996, mutane fiye da miliyan 24 suka zauna gaban telebijin a Birtaniya domin kallon kashi guda na wasan barkwancin nan mai suna Only Fools and Horses, wanda gidan BBC ya soma nunawa tun 1981. Marubucinsa, John Sullivan, ya gina labarin ne a kan wa da ƙane, Del da Rodney, ƴan buga-buga na unguwar Peckham a birnin Landan, masu sayar da hajar da ba a son tambayar asalinta, kullum suna mafarkin arziki. A wannan kashi na bikin Kirsimeti ne burinsu ya cika, domin wani tsohon agogo da ya daɗe yashe cikin tarkacensu ya tabbata aikin hannun John Harrison ne, aka yi gwanjonsa a kan fam miliyan 6 da dubu 200.

Al'adar keɓe wa ranar biki wasa na musamman ta girmi wannan shiri. Daga 1958 zuwa 1972, BBC ta riƙa tara taurarin wasanninta cikin shiri ɗaya a daren Kirsimeti, ita kuma ta gaji abin ne daga wasan dandamali na ƙarshen shekara, inda namiji kan yi shigar tsohuwa, yara da manya su yi ta sheƙa dariya. Telebijin ya tarar da al'adar a raye, ya shigar da ita cikin gidaje.

Haka zancen yake a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan rediyo, akwai lokutan da aka yarda a yi wa kowa ba'a ba tare da an riƙe abin a zuci ba. Idan azumi ya kwana goma, yara kan fita tashe gida-gida: ga Macukule, ga Jatau Mai Magani da tallar saiwoyinsa, ga ƴan mata da wasan Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. A fadoji akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A Damagaram kuwa an san wasan kara, wanda samari ke yin shigar sarakuna da sojoji da manyan gwamnati, da kayan aikin da suka haɗa da karan hatsi. A cikin dukkan waɗannan, na ƙasa ne ke kwaikwayon na sama, kuma ta bakin mai wasa ake faɗin abin da ba ya faɗuwa a zaure.

Da gidajen watsa labarai suka kafu, wannan baiwa ta sami sabon fili. An buɗe telebijin a Kaduna a 1962, aka haɗa tashoshin Nijeriya ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. A Kaduna ne Yusuf Ladan ya tsara Zaman Duniya Iyawa Ne, a nan kuma Usman Baba Pategi, wanda soja ne na gaske, ya fito da Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turancin buroka. Kasimu Yero ya yi suna da Karambana, Jos ta ba da Karkuzu, Kano ta ba da Kuliya Manta Sabo. Wanda ya dubi Samanja da kyau zai ga jikan Macukule ne sanye da kaki, domin dariyar duka biyun daga karyewar harshe take fitowa, da kuma bugun ƙirjin mutumin da bai san ana kallonsa ba.

A Nijar hanyar ta ɗan bambanta. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, kuma daga 1976 aka soma bikin matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke kawo wasanta na kwaikwayo a yi gasa. Da Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye a 1979, ƙungiyar wasa ta Damagaram, wadda malamin makaranta Yazi Dogo ke cikin jigoginta, ta zama abin kallon ƙasa baki ɗaya. Sun yi wasa a kan auren dole, da kwaɗayin abin duniya, da halin ma'aikacin da ke raina talaka. Gwamnati tana son a isar da saƙonta, ƴan wasa kuma suna isarwa, amma sukan sako nasu zancen a tsakani.

Matameye, da yake tana bisa hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Daura da Kano, ta sha daga rijiya biyu. Rediyon Kaduna na shigowa daga kudu, Muryar Sahel da telebijin na Yamai na zuwa ta nasu ɓangaren. A zamanin da akwatin telebijin bai yawaita ba, tsakar gida ɗaya kan ɗauki rabin unguwa, musamman a daren Salla, bayan an dawo daga idi an gama yawon gaisuwa. Daga 1990, shekarar da aka fitar da Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya soma karɓe filin, masu shirya fim suka mai da Salla lokacin fitar da sababbin ayyuka, barkwancin Rabilu Musa Ibro ya cika gidajen kallo har rasuwarsa a 2014.

To, ina waɗannan wasanni suke a yau? BBC kanta ta yi ta goge kaset domin sake naɗa a kansa, sai a 1978 ta kafa tsarin ajiya, kuma har yanzu akwai kashi-kashi na tsofaffin wasanninta da suka salwanta. A 2001 an gano kashi biyu na wasan Dad's Army da aka ɗauka sun ɓace, a hannun wanda ya adana su shekara da shekaru. Asarar Hausawa ta fi wannan haɗari, saboda wani dalili da Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar: ƴan wasa kan shirya ƙashin labari ne da baki, kowa ya ƙago maganarsa a fili. Wasan Bature idan kaset ya ɓace rubutu na nan. Na Bahaushe kuwa, in kaset ya lalace kuma ɗan wasa ya kwanta dama, shi ke nan. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. A garuruwa irin su Matameye da Kance da Magarya akwai dattawan da suka yi wasa a Samariya, akwai kuma tsofaffin kaset cikin adakoki da ƙura ke ci. Ɗalibi mai wayar hannu na iya naɗar hira da tsohon ɗan wasa, ya rubuta labarin wasan, da sunayen waɗanda suka fito, da shekarar da aka yi shi. Malamin Hausa na iya mai da wannan aikin aji, ƙungiya kuma ta sake ɗora wasan a dandali ranar Salla, tun masu gyara kuskuren suna da rai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.